Telan da Kwari ta yarda da shi amma banki ya ƙi: nazarin yadda wani matashi ya gyara tarihinsa na bashi

A watan Fabrairu na 2024, ana saura makonni kaɗan a ɗauki azumi, wani ɗan ƙanwata mai sana'ar ɗinki a Kano ya shiga reshen ɗaya daga cikin bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, yana neman a saya masa kayan sola da keken ɗinki na lantarki, shi kuma ya riƙa biya a hankali. Shekarunsa ashirin da biyar a lokacin, yana da shagon haya da kekuna uku da yara biyu masu koyon aiki, kuma abin da ya nema bai kai naira miliyan biyu ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 janareta ya zame masa ƙarfen ƙafa, domin kusan duk ribar aikin dare a tankinsa take ƙarewa. Bayan kwana goma sai aka kira shi, jami'in da ya karɓi takardunsa ya ce masa cikin ladabi: "Malam, sana'arka ba ta da matsala, amma rahotonka na bashi ba zai bari a wuce da wannan buƙata ba." Da daren ranar ya same ni a gida, ko gaisuwa bai gama ba ya ce: "Kawu, wane rahoto ne wannan, kuma wa ya rubuta shi a kaina ban sani ba?"

Na yi shekaru ina aikin akanta, saboda haka na ɗauki nauyin bin sawun lamarin tare da shi, kuma abin da muka zaci aikin mako biyu ne sai da ya ci kusan shekara biyu. Na sakaya sunansa da sunayen wuraren da ya yi hulɗa da su, zan riƙa ce masa telan kawai.

Yarda iri biyu

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, a iya saninsa, ba a taɓa kama shi da saɓa alkawarin kuɗi ba. Tun yana yaron shago yake karɓar shadda da yadi a hannun wani Alhaji a Kantin Kwari, ba takarda ba jingina. Alhajin yana da wani dogon littafi mai baƙin bango wanda gefensa ya yi laushi saboda yawan buɗawa, a ciki yake rubuta kwanan wata da yawan kayan da aka ɗauka, idan an biya kuma ya ja layi da jan biro. Shafukan telan duk jan layi ne daga sama har ƙasa. Na taɓa ji da kunnena Alhajin yana gaya wa yaransa cewa ko bandir goma wannan yaron ya nema a ba shi, ba sai an kira shi a waya ba. Ban da wannan, telan yana cikin adashen teloli na mako-mako shekara huɗu, bai taɓa tsallake zubi ba, ko bayan ya yi kwasa.

Wannan yarda ce ta gaske, kuma da ita kasuwancin Kano yake tafiya tun zamanin fatake, amma tana zaune ne a zukatan mutanen da suka san mutum: sun san mahaifinsa, sun san wanda ya kawo shi kasuwa, sun san inda za a same shi idan ya yi nauyin biya. Ba ta bin mutum zuwa inda ba a san shi ba. Kwamitin da ke amincewa da buƙatun bashi a banki sau da yawa ba ya ma zaune a garin da mai neman yake, kuma bai taɓa ganin littafin Alhaji ba. Abin da yake gani shi ne abin da aka rubuta a ƙarƙashin lambar BVN ta mai nema, kuma a can, kamar yadda muka gano daga baya, telan wani mutum ne dabam.

Masu rubuta rahoton

A Najeriya akwai kamfanoni uku da Babban Bankin ƙasa ya ba lasisin tattara bayanan bashi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Su ba sa ba da rance kuma ba sa hana shi. Aikinsu shi ne karɓar bayanai daga bankuna da ƙananan bankuna da sauran masu ba da lamuni, su haɗa su wuri guda a ƙarƙashin sunan kowane mutum. Bayanan sun ƙunshi nawa aka karɓa, yaushe aka karɓa, nawa ya rage, da kuma kwana nawa aka yi jinkiri idan an yi. Babban Banki ya daɗe da wajabta wa bankuna su nemi rahoto daga aƙalla biyu cikin waɗannan kamfanoni kafin su ba kowa bashi, saboda haka jami'in da ya yi magana da telan ba son ransa ya bi ba, ƙa'idar aikinsa ce.

Abin da ya ba wannan tsari haƙora shi ne lambar BVN mai alƙaluma goma sha ɗaya, wadda aka ƙaddamar a watan Fabrairu na 2014. Kafin zuwanta mutum yana iya cin bashi a wannan banki, ya koma wancan da ɗan canjin suna ya sake ci, amma yanzu hoton yatsunsa ya ɗaure duk asusunsa wuri ɗaya. A watan Mayu na 2017 kuma Farfesa Yemi Osinbajo, yana riƙon muƙamin shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar da ta tsara harkar rahoton bashi. Dokar ta ba kowane mutum haƙƙin ganin rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ta ba shi haƙƙin ƙalubalantar bayanin da ba daidai ba, sannan ta ce a adana bayanan na tsawon lokacin da bai gaza shekara shida ba. Daga cikin rahoton ake fitar da maki, kuma ma'aunin da aka fi sani yana farawa ne daga 300 ya tsaya a 850. Gwargwadon yawan makin, gwargwadon natsuwar mai ba da bashi. A bisa ƙa'idar Babban Banki, bashin da ya wuce kwana casa'in ba a biya abin da ya wajaba a kansa ba ana lissafa shi cikin basussukan da suka daina tafiya daidai, kuma wannan tambari ne da ke rufe ƙofa a kusan ko'ina.

Telan bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin da wuya a sami makaranta ko shagon koyon sana'a da ake zaunar da yaro a gaya masa cewa lambar da ya je ya yi layi ya karɓa don kada a rufe masa asusu ita ce za ta zama shaidar halinsa.

Abin da muka tarar

Mun nemi rahoton daga kamfanoni biyu ta intanet, muka buga shi a takarda, muka baje a kan teburin yankansa bayan ya sallami yara. Abubuwa biyu ne a ciki, kuma ko ɗaya ba na alheri ba ne.

Na farko bashi ne na naira dubu ɗari biyar daga shekarar 2020. A watan Maris na wannan shekara, lokacin da annobar korona ta rufe kasuwanni, Babban Banki ya ware naira biliyan hamsin don ba magidanta da ƙananan 'yan kasuwa rance mai sauƙi. A takarda rance ne mai wa'adi, amma a unguwanni da yawa sunan da aka sa masa shi ne "kuɗin korona", kuma maganar da ta bazu ita ce rabon arzikin ƙasa ne, babu wanda zai zo ya tambaya. Wani mutum da ke yawo da kwamfuta a unguwarsu ya karɓi lambar BVN ɗin telan da lambar asusunsa, ya cike masa fam, bisa sharaɗin cewa idan kuɗi sun shigo zai ɗauki nasa kason. Kuɗin suka shigo, mutumin ya karɓi dubu ɗari da hamsin, telan ya sayi keke ɗaya da waya, ya taimaka a gida da sauran. Da na tambaye shi ko ya karanta takardar da ya amince da ita, sai ya ce: "Wallahi Kawu, shi ya danna komai, ni dai na ga alat." Shekarunsa ashirin da ɗaya a lokacin, kuma wannan shi ne abu na farko da aka taɓa rubutawa a kansa a duniyar banki.

Abin bai tsaya nan ba. Daga ranar 1 ga Agusta na 2020 wani tsari na Babban Banki da ake kira GSI ya fara aiki, wanda ya ba mai bin bashi damar cire haƙƙinsa daga duk wani asusu da ke ɗaure da lambar BVN ta wanda ya ƙi biya, ko da a wani banki yake. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuyar samu, masu kawo ɗinki suka koma tura masa kuɗi ta waya, har asusunsa ya yi nauyin da bai taɓa yi ba. Wata safiya ya tashi ya tarar an cire naira dubu ɗari da ashirin, mafi yawansu kafin alƙalami ne na ɗinkin Sallah. Maimakon ya je ya tambayi dalili, sai ya yanke hukuncin cewa banki ɓarawo ne, ya daina ajiye komai a asusunsa, ya koma ba mutane lambar asusun wani mai POS da ke kusa da shagonsa, yana karɓar kuɗinsa a hannu ana cire ladan aiki. A nan ne, a ganina, ya yi wa kansa babbar illa, wadda ta fi ta bashin kanta. Ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, domin shekara guda cur cinikinsa yana shiga asusun wani, nasa kuma yana kwance babu motsi. Ranar da ya kai wa banki bayanin asusunsa, takardar ta nuna mutumin da ake bi bashi kuma ba ya samun ko sisi, alhali a wannan shekarar ya fi kowace shekara aiki.

Abu na biyu ƙarami ne amma ya fi ba shi haushi. A 2022 ya karɓi naira dubu ashirin daga wata manhajar ba da rance ta waya, na mako biyu, don ya cika kuɗin haya. Ya yi jinkirin kwana tara, aka yi ta tura saƙonnin cin mutunci ga mutanen da ke cikin wayarsa, har da surukin yayansa, ya yi maza ya biya dubu ashirin da shida ya goge manhajar. Irin wannan ɗabi'a ce ta sa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu irin wannan sana'a a Legas a 2022, ta kuma fito da ƙa'idar yi musu rajista a shekarar. Sai dai a rahoton telan, wannan bashi da ya biya shekara biyu da suka wuce yana nan a matsayin wanda ba a biya ba. Shi ya biya, amma ba a koma an gyara rubutun ba.

Shadda ta miliyoyin naira da ya karɓa ya biya a Kwari, da zubin adashe na shekara huɗu, babu ko layi ɗaya a kansu.

Gyara

Mun fara da ƙaramin, domin a nan shi ke da gaskiya. Sa'ar da aka yi ita ce ta banki ya biya, saboda haka muka nemi bayanin asusunsa na watan da abin ya faru, muka sami ranar da adadin da sunan wanda aka tura wa. Muka rubuta takardar ƙorafi zuwa ga kamfanonin rahoton biyu da kuma mai manhajar, muka haɗa da wannan shaida. Sai da muka sake tuntuɓa sau biyu kafin a gyara, amma an gyara, kuma ba mu biya kowa ko kwabo ba. Na faɗi haka ne saboda akwai masu yawo suna cewa za su "wanke" wa mutum BVN idan ya ba su wani abu. Bayanin da yake kuskure ana gyara shi da shaida, wanda yake gaskiya kuma babu mai goge shi sai biya da tsawon lokaci. Duk wanda ya ce yana da wata hanya ta uku ɗan'uwan mai kwamfutar nan ne na 2020.

Babban kuwa sai da muka kai ruwa rana, ba da bankin ba, da shi telan kansa. Hujjarsa ita ce dubu ɗari uku da hamsin kawai suka shiga hannunsa, don me zai biya dubu ɗari biyar har da ƙari a kai, alhali ga wane da wane sun ci ba su biya ba kuma suna yawonsu? Na ce masa sunansa ne a takardar, ba na mai kwamfuta ba, kuma wane da wane ba su je neman sola ba tukuna. Mahaifinsa ne ya kashe maganar, ba ni ba. Ya ce masa Hausawa sun ce bashi hanji ne yana cikin kowa, saboda haka cin sa ba abin kunya ba ne, taurinsa ne abin kunya. Ya kuma tuna masa hadisin da ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, ya ƙara da cewa bai ga inda aka ce ban da bashin gwamnati ba. Dattijon bai ji daɗin cewa akwai kuɗin ruwa a cikin lamarin ba ko kaɗan, amma ra'ayinsa shi ne wanda ya riga ya faɗa rami, fita ce ta kamace shi, ba zama a ciki yana tsine wa wanda ya haƙa ba.

Telan ya je bankin da ke binsa bashin da ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba tun da ya karɓi kuɗin. Aka buga masa lissafi, ya zamana abin da ya rage ya kai naira dubu ɗari huɗu da goma. A nan muka yi abin da nake ganin shi ne mafi amfani a duk wannan tafiya, wato muka tsara biyan bisa yanayin sana'arsa maimakon bisa kalanda kawai. Kuɗin tela ba sa zuwa daidai wa daida kamar albashi: daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren Sallah ba ya barci, sai kuma gabanin Babbar Sallah, sai lokutan bukukuwa, amma akwai watannin da keke ke yini a rufe. Saboda haka ya biya dubu ɗari da hamsin bayan Ƙaramar Sallah ta watan Afrilu na 2024, ya ƙara dubu ɗari bayan Babbar Sallah a watan Yuni, sannan ya riƙa biyan dubu ashirin duk wata har wata takwas. Ya gama a watan Fabrairu na 2025, shekara guda daidai da ranar da aka mayar da shi. Ban bar shi ya tsaya a nan ba, saboda darasin manhaja: sai da ya karɓi takardar shaidar cewa ba a binsa komai, mai ɗauke da hatimin bankin, sannan bayan wata biyu muka sake duba rahoton don mu tabbatar an sauya rubutun.

A duk tsawon wannan lokaci ya dawo da cinikinsa asusunsa na kansa. Ya rubuta lambar a kwali ya manna a bangon shago kusa da madubi, kuma ko da tsabar kuɗi aka biya shi, yakan zuba su a asusun kafin ya kashe. Da farko yana jin tsoron za a sake kwashewa, amma da yake akwai yarjejeniya kuma yana cika ta, ba a taɓa ba.

Sabon shafi

Biyan tsohon bashi yana tsayar da ɓarna ne kawai, ba ya zama shaidar kirki. Rahoton ya koma cewa an biya, amma yana nuna cewa an biya ne bayan dogon jinkiri, kuma babu wani abu a gefensa da zai nuna mutumin ya canza. Ana bukatar sabon abu da za a rubuta, wanda aka biya a kan lokaci tun daga farko har ƙarshe.

A nan ne shawarwarin da matasa ke karantawa a intanet suke rikita su, domin mafi yawansu daga Amurka suke, inda ake ce wa matashi ya karɓi katin bashi ya riƙa saye da shi yana biya duk wata. A can, tsarin makin FICO yana ba tarihin biya kashi 35 cikin ɗari, yawan bashin da ke kan mutum kuma kashi 30, saura a raba tsakanin daɗewar tarihi da nau'in bashi da yawan sabon nema. Hikimar da ke ciki tana aiki ko'ina, wato biya a kan lokaci shi ne kan gaba, amma katin bashi ba abu ne da telan Kano yake da shi ba, kuma ko an ba shi, kuɗin ruwan da ke kansa ya isa ya sa mahaifinsa ya hana. Ni ma ban ga hikimar mutum ya ci bashin da ba ya bukata, ya biya ƙari a kai, don kawai a rubuta sunansa ba.

Hanyar da ta dace da shi ta riga ta samu a gida. Tun da Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa a 2011, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021, ban da ƙananan bankuna da rassan wasu manyan bankuna masu irin wannan tsari. A cinikin murabaha banki ne ke sayen kayan, ya sayar wa mai bukata da ribar da aka sani tun farko, a raba kuɗin zuwa wa'adi, kuma farashin ba ya ƙaruwa bayan an ƙulla. Irin waɗannan bankuna suna ƙarƙashin dokar kai rahoto kamar kowane banki, saboda haka duk wata da aka biya ana rubuta shi. Na san akwai masu sauran tambaya a kan yadda wasu ke aiwatar da wannan ciniki, kuma wannan magana ce ta malamai. Abin da ya shafe mu a nan shi ne dattijon ya gamsu bayan ya ga cewa keke aka saya aka sayar, ba kuɗi aka ba da don su haifi kuɗi ba.

A watan Afrilu na 2025 telan ya nemi abu ƙarami: keken lantarki guda ɗaya, wanda jimillar farashinsa da ribar banki ta kama naira dubu ɗari biyu da arba'in, a biya dubu arba'in duk wata har wata shida. Ko wannan ma ba a ba shi ba sai da mai tsaya masa, kuma ni na tsaya. Na san abin da na sa hannu a kai, domin mai tsayawa ba shaida ba ne kawai, idan wanda aka tsaya wa ya gaza shi za a bi, kuma tabon yana iya taɓa nasa sunan. Ranar biya ita ce 28 ga wata, amma muka yi ƙa'ida cewa kuɗin su kasance a asusun tun ranar 25, saboda matsalar sadarwa ta kwana biyu ta isa ta mayar da mai cika alkawari mai jinkiri a idon kwamfuta, ita kuwa ba ta jin uzuri. Watan Agusta ya zo masa da wuya, ga damina ga ƙarancin aiki, sai ya roƙi abokan adashensa a sauya masa layi ya yi kwasa a wannan watan. Da haka adashen da ba a rubuta shi a ko'ina ya riƙe bashin da ake rubutawa. Ya gama a watan Oktoba ba tare da jinkirin ko kwana ɗaya ba.

A cikin waɗannan watanni ya ƙi abubuwa biyu. Saƙonnin manhajoji masu cewa an amince masa da rance suna shigowa kusan kullum, bai taɓa ko ɗaya ba, domin yawan nema a wurare da dama cikin ɗan lokaci kansa alama ce ta mutumin da ke cikin matsi. Na biyun ya fi ciwo: wani abokinsa na ƙuruciya ya nemi ya tsaya masa zai karɓi Adaidaita Sahu a wani ƙaramin banki. Telan ya san abokin ba ya riƙe kuɗi, ya ba shi haƙuri, ya ba shi dubu talatin gudunmawa daga aljihunsa. Har yau gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba.

Komawa banki

A watan Nuwamba na 2025 ya koma reshen da aka mayar da shi, ɗauke da takardar shaidar kammala tsohon bashi, da ta kammala kuɗin keke, da bayanin asusu na wata goma sha takwas wanda ke nuna hawa da saukar sana'arsa kamar yadda take. An amince, amma ba yadda ya so ba. An yarda a saya masa kayan sola kawai, shi ya kawo kashi talatin cikin ɗari na kuɗin, a biya saura cikin wata goma sha biyu, kuma har yanzu da mai tsayawa. Kayan kansu su ne jingina, abin da ya yiwu saboda rajistar jinginar kadarori masu motsi da Babban Banki ya buɗe a 2016, wadda ta sa keke ko inji ko batir suke iya tsayawa a inda a da sai fili ko gida. Jami'in ya gaya masa a fili cewa tsohon jinkirin yana nan a rahoton kuma zai daɗe, shi ya sa aka rage. Jinkirin ya kuma yi masa tsada ta wata fuskar, domin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kuma kuɗin da zai sayi sola da keke a lokacin da ya fara nema yanzu bai wuce na sola kaɗai ba.

Ƙanin telan, wanda ke karatu a jami'a, ya karɓi rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, wanda babu kuɗin ruwa a kansa kuma ake fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Da BVN da NIN aka nema, kuma na ji yaron yana kiransa "kuɗin gwamnati" a gaban yayansa. Telan bai ce masa komai ba a lokacin, sai washegari ya kira shi shago, ya ɗauko rahoton nan na farko daga ƙarƙashin teburin yanka inda yake ajiye da shi, ya ce ya zauna ya karanta shafi na biyu. A lokacin da nake wannan rubutu farantan sola suna kan rufin shagon, saura wata tara a gama biyansu, kuma har yau Alhajin Kwari yana ba shi shadda a tsohon littafinsa, bai ma san an yi wannan tafiya ba.